Idanre, Obudu ko Jos: ina ya kamata mutumin Legas ya nufa da motarsa?

Mazaunin Legas zai iya shekara guda bai ga tudu ba. Daga Agege zuwa Obalende, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, abin da ya fi tsayi a gaban idonsa gada ce ko bene, iskar da yake shaƙa kuma mai nauyi ce, ga gumi ga hayaƙin janareta. Saboda haka wanda Allah ya hore wa mota mai lafiya da 'yan kwanakin hutu, ba abin mamaki ba ne ransa ya raya masa ya kwashi iyali a je a ga duwatsu a sha iska. Wurare uku ne sunansu ya fi fitowa in an zauna wannan shawara: duwatsun Idanre da kewayensu a ƙasar Yarabawa, tsaunin Obudu a jihar Kuros Riba, da tudun Jos. Akwai na huɗu, Mambila, amma shi zancensa daban ne.

Yawancin mutane kan fara da tambayar wanne ya fi kyau. A ganina tambayar da ta fi amfani ita ce: a wane gari rana za ta faɗi mana, kuma wa muka sani a garin? Duk hanyoyin nan uku suna da dazuzzukan da mai hankali ba ya ratsa su bayan magariba, balle da mata da yara a mota. Dare mahutar bawa ne. In ka yarda da wannan, lissafin kilomita ya koma lissafin kwanaki, kuma adadin kwanakin da kake da su shi zai cire maka wasu wuraren daga cikin zaɓi tun kafin ka ɗauki makulli.

Mai kwana uku, zancensa ya ƙare a Idanre, kuma bai yi asara ba. Ka tashi bayan sallar asuba ka wuce Berger da kasuwar shanu ta Kara kafin cunkoso ya taso. Titin Legas zuwa Badun kilomita 127 ne, yanzu da aka gama gyaransa ba ya cin lokaci kamar da, sai dai a duba kada fitar ta dace da ranar babban taro a sansanonin ibada da ke bakin titin, don ranar ana iya yin sa'o'i a wuri guda. Daga Iwo Road sai Ikire, Gbongan, Ife, Ilesha. Ana wuce Ilesha ƙasa ke fara canja kama, tuddai masu duhun itatuwa su fara tasowa dama da hagu. Nan ne Erin-Ijesha, inda ruwan Olumirin ke zubowa daga kan dutse hawa bakwai. Hawa na ɗaya da na biyu kowa na iya kaiwa, har dattijuwa in an bi da ita sannu. Daga na uku sai da hannu da ƙafa, ga santsi, kuma ban ga dalilin kai yaro can ba.

Daren farko a yi shi a Ikogosi, cikin jihar Ekiti, tafiyar da ba ta da nisa daga nan amma mai kwana-kwana ce tsakanin tuddai. A Ikogosi ne ruwan ɗumi da ruwan sanyi ke ɓuɓɓugowa kusa da juna su haɗu su gangara tare, yaro ya sa ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can ya ji bambancin da kansa. Akwai masauki a wurin, ga kuma ruwan Arinta a Ipole-Iloro kusa. Washegari a gangaro Akure a ajiye kaya, a nufi Idanre, kilomita ashirin da 'yan kai.

Idanre ta fi yadda ake ba da labarinta. Garin yana zaune a tsakiyar manya-manyan duwatsu sulɓaɓɓu da suka kewaye shi ta kowace fuska, tun daga nesa direba ke ji kamar hanya za ta ƙare a jikin dutse. Matakala fiye da 600 ake takawa zuwa sama, da rumfunan hutawa biyar a hanya. A can sama tsohon garin yake, inda mutanen suka zauna ɗaruruwan shekaru kafin su sauko ƙasa: fadar sarkinsu Owa ta da, tsohuwar kotu, tsohuwar makaranta, duk suna nan. Tun 2007 wurin ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. A fara hawa da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a hannu, don dutsen na ɗaukar zafi da rana. Dawowa ba sai an maimaita hanya ba: a bi Ondo, Ore, Ijebu-Ode, Shagamu, masu zama Ajah da Lekki kuma su yanke ta Epe.

Abin da wannan tafiya ke da shi wanda sauran ba su kai ta ba shi ne kwanciyar hankali wajen ci da sallah. Masallaci ba ya wuya a ƙasar Yarabawa. Akwai Sabo a Badun, akwai Sabo a Shagamu, akwai Shasha a Akure, ko'ina za ka sami mai shayi da mai tsire da wanda zai ce maka "Sannu da zuwa, Alhaji, daga ina?" Abin da ba ta da shi kuma a faɗe shi: babu sanyi. Dutse ne a cikin kurmi, za ka hau kana zufa ka sauko kana zufa. Kuma kyan yana wuraren da za ka tsaya ne, ita kanta hanyar ba ta hawa sama da kai. Wanda burinsa ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa, sai ya nemi mako guda.

Da mako guda a hannu ne zaɓi ke yin wuya, don Obudu da Jos kowanne na da hujja.

In tuƙi a kan tsauni kake so, babu kamar Obudu a cikin ukun. Daga gindin tsaunin zuwa sama kilomita 11 ne, da kwana 22 masu tsanani, ɗaya daga ciki har suna gare ta saboda yadda ta lanƙwashe. Kana hawa zafin ƙasa na raguwa, kurmi na komawa ciyawa, har ka isa fili mai tsayin kusan mita 1,600 daga teku, dab da iyakar Kamaru, a ƙaramar hukumar Obanliku. Wani Bature ɗan Sikotlan ne ya kafa wurin kiwon shanu a nan a 1951. A zamanin gwamna Donald Duke aka mai da shi babban wurin shaƙatawa, aka kafa motar igiya mai ɗaukar mutane ta sama zuwa kan tsaunin, mai tsawon kusan kilomita 4, a 2005, aka kuma fara gasar tseren hawan tsaunin a shekarar. Da safe hazo kan rufe komai har ba ka ganin motar da ke gabanka, can ya yaye, sai ga tuddai kore shar sun jeru har inda ido ya ƙare. Akwai gadar igiya da ake takawa ta saman itatuwa a dajin Becheve. Motar igiyar ta sha tsayawa na dogon lokaci, kuma gyaran ɗakuna na hawa da sauka gwargwadon kulawar masu riƙe da wurin, don haka a buga waya a tambayi abin da ke aiki a makon da za a je, kada a dogara da hotunan da aka ɗauka shekara goma baya.

Kuɗin da Obudu ke karɓa a wurinka hanya ce. Kusan kilomita 900 ne daga Legas. Ranar farko Shagamu, Ore, Binin, Agbor, a kwana a Asaba. Rana ta biyu a haye Neja, ko ta tsohuwar gadar Anacha ta 1965 ko ta sabuwar da aka ƙaddamar a 2023 wadda ke kauce wa tsakiyar kasuwa, a bi Awka zuwa Inugu, a wuce Abakaliki, a shiga ƙasar Ogoja. Wanda ya ga la'asar ta yi masa a Abakaliki ya kwana nan. Daga garin Obudu zuwa tsaunin ma akwai kusan kilomita 60, kuma kwana 22 ɗin nan ba na hawa da fitila ba ne. Ke nan kwana biyu a hanya wajen zuwa, biyu wajen dawowa, biyu ko uku a sama.

Akwai maganar da ba zan ɓoye wa ɗan'uwana Bahaushe ba. Tun watan Agustan 2021 aka shiga yin zaman gida na dole ranar Litinin a sassan kudu maso gabas, kuma ko a inda abin ya yi sauƙi, baƙo ba shi da dalilin gwada sa'arsa. A tsara tafiya yadda Litinin ba za ta same ka tsakanin Anacha da Abakaliki ba, zuwa da dawowa. Kisan da aka yi wa mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ma darasi ne ga duk ɗan Arewa mai bin hanyoyin kudu: kada a ɗauki komai da za a iya kira makami a mota, katin shaida na kowa ya kasance a kusa, a shingen bincike kuma a yi magana da sanyin murya. Wannan ba ya nufin babu namu a can. Hausawa sun daɗe a Inugu da Abakaliki da Asaba, har magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950 Malam Umaru Altine ne, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato. Sai dai unguwannin namu tsibirai ne, sai ka san inda suke kafin ka isa. Wanda ransa bai kwanta da wannan hanya ba yana iya zagayawa ta Lakwaja, ya haye gadar Itobe kusa da Ajakuta, ya bi Anyigba, Otukpo, Gboko, Vandeikya ya shiga Obudu ta arewa, amma ya ƙara wa kansa yini. A saman tsaunin kuma zancen naman yanka sai an tambaya. Uwargida ta tanadi kilishi, dambun nama, yaji, gari da kayan shayi tun daga gida.

Jos ta fi nisa kaɗan, wajen kilomita 1,000, amma wuraren kwananta sun fi daɗin jerawa, kuma a nan ne take cin Obudu. Hanyar ta bi ta Akure ne, ke nan daren farko kana iya yin sa a can ka hau Idanre da la'asar, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Rana ta biyu Owo, Okene, Lakwaja. Tsakanin Owo da Okene daji ne da ya yi ƙaurin suna wajen masu garkuwa da mutane, a ratsa shi da hantsi lokacin da motoci suka yi yawa, kada a tsaya sayen komai a inda ba gari ba.

Lakwaja ta cancanci a kwana a cikinta don kanta. Daga kan dutsen Patti ana hango inda Neja da Binuwai suka haɗu. Ga Bahaushe kuma garin na da wani nauyi na daban, don nan Turawa suka riƙa kai sarakunan Arewa da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu a nan ya rasu a 1926, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma a nan ya ƙare kwanakinsa, kuma kaburburansu na nan a garin. Yaron da aka haifa a Idi-Araba, wanda bai san Kano ba sai a bakin kakarsa, ya tsaya a wurin a ba shi labari, wannan kaɗai ya biya kuɗin man ranar.

Rana ta uku a haye gadar Murtala Muhammad, a wuce Koton Ƙarfe, Abaji, Gwagwalada, a keta Abuja, a yi haƙuri da cunkoson Nyanya da Mararraba, sai Keffi, Akwanga, Forest. Daga nan Hawan Kibo ke farawa. Bai kai na Obudu lanƙwasa ba, amma ya fi shi haɗari ta wata fuska, saboda da tireloli da tankoki kake rabon hanya, kuma babbar mota in birkinta ya tsinke a gangara ba ta zaɓen wanda za ta taka. A bar tazara mai yawa, kada a yi gaggawar wuce su a kwana. Ruwan Assop na gefen hanya a nan, sai duwatsun Riyom da ke ɗore kan juna, sai Bukuru, sai Jos. Mai ƙananan yara ya raba wannan rana biyu ya kwana a Abuja, inda da wuya a rasa ɗan'uwa ko aboki.

Garin Jos na kan tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuma sun haura mita 1,800. Bambancinta da Obudu shi ne Jos gari ne sosai. Akwai asibiti, akwai bakanike da kayan gyara, akwai masauki na kowane aljihu, akwai babban masallacin Juma'a, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa. Yara na da gidan tarihin da Bature Bernard Fagg ya kafa a 1952, da gandun namun daji, da tafkunan da haƙar kuza ta bari. Uwargida na da kasuwar Farin Gada, inda za a cika bayan mota da dankalin Turawa, kabeji da karas a farashin da ba a jin irinsa a Mile 12. A ci gwaten acca da zafinsa cikin sanyin safiya. Ita ma Filato tana da nata ciwon. Rikici na tashi a Riyom, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu, a cikin garin ma akwai unguwannin da baƙo ba ya kutsawa bai tambaya ba, kuma ba a manta da matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a watan Agustan 2021 ba. Kafin ka bar Akwanga ka kira wani mazaunin Jos: "Kawu, ga mu nan tafe, yaya gari, ta ina za mu shigo?" In ya ce a dakata, a dakata.

Hukuncina ke nan a kan biyun. Samari uku ko huɗu, biyu daga ciki sun iya tuƙi, ba yaro ba tsoho, su tafi Obudu, za su ga abin da babu irinsa a kudancin ƙasar nan. Magidanci da iyali ya tafi Jos. Kowane dare na hanyar a garin da yake da jama'arsa zai yi shi, in mota ta ba da matsala taimako na kusa, kuma in asalinsa Bauci ne ko Kano ko Gombe, ya kai rabin hanyar gida da ɗoriya, sai ya ƙarasa ya gai da iyaye. Obudu kuwa ƙarshen hanya ce, daga ita sai juyowa.

Kuɗin mai kowa na iya lissafa nasa. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci wajen lita 70 zuwa 80 a zagayen Idanre, kusan lita 180 zuwa Obudu da dawowa, lita 200 zuwa Jos da dawowa, ban da yawon cikin gari da abin da hawa da na'urar sanyi ke ƙarawa. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wannan ne babban kaso na kuɗin tafiya. A sha mai a manyan garuruwa, kada a bari tanki ya sauka ƙasa da rabi, musamman bayan Abakaliki. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan, don akwai inda waya ba ta samun sabis balle a yi tiransifa.

Lokaci ma na sauya lissafi. Mafi kyau shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, ƙurar hunturu ba ta sauko ta rufe nesa ba. A Disamba da Janairu sanyin Jos kan sauko kusa da digiri 10 da dare, wanda ke son sanyi zai more, amma hazo na cinye hangen nesa, kuma hanyar Binin zuwa Anacha na cika maƙil da masu tafiya Kirsimeti. Satumba da farkon Oktoba kuma lokacin cikar Neja ne. A 2012 da 2022 ambaliya ta yanke hanyar Lakwaja zuwa Abuja, matafiya suka kwana a titi. Duk tafiyoyin nan sun haura mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, don haka ana ƙasaru, sai wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, shi zai cika sallarsa.

Motar da ta saba da gosulo a Legas ba lallai ta san hawa ba. Kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don a sami lokacin gwada abin da ya gyara. A duba birki da mansa, lagireto da fankarsa, tayoyi har da safaya, da jak. Tsofaffin direbobin tirela sun fi tsoron gangara a kan hawa, kuma suna da gaskiya: wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga saman Obudu ko Hawan Kibo, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa. A sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, ko da mai canja giya da kanta ce akwai yadda ake tsare ta a ƙasa. Lasin, inshora, takardun mota, abin kashe gobara da alamar tsayawa duk su cika, don shingaye na da yawa. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce. Wajen masauki kuma abu uku nake tambaya a waya kafin farashi: akwai wurin ajiye mota a cikin katanga, wuta na kaiwa asuba, kuma akwai mashaya ko gidan rawa a harabar? A Obudu da Jos a ƙara da tambayar ruwan zafi da bargo.

Saura Mambila. In kyau kaɗai ake aunawa, ita ce gaba da duka. Tudu ne mai faɗi a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, yankin da ya shigo Najeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Ana hawa daga Serti ta Mayo Selbe zuwa Maisamari, Nguroje da Gembu, ga gonakin shayi na Kakara, ga shanun Fulani a kan tuddai marasa iyaka, ga gandun dajin Gashaka Gumti wanda ya fi kowanne girma a ƙasar nan, inda Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419. Fulatanci da Hausa ake ji, masallatai ko'ina. Amma daga Legas ya haura kilomita 1,200, kwana uku ne cur a hanya kafin a fara hawa, wasu sassan tsakanin Binuwai da Taraba kuma na buƙatar wanda ya san su. Mai kwana goma da mota mai tsayin ƙafa ya sa ta a gaba. Wanda bai da su ya jira lokacin da ya je gida hutu, ya taso daga Yola ko Jalingo da direban da ya saba hawan, ya bar Bali da sassafe don ya isa Gembu da sauran rana.